Ƙaramin jirgin lantarki na bakin tekun Brighton

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau garin Brighton za mu leƙa, can a gaɓar tekun kudancin Ingila, inda wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ke kai masu yawon buɗe ido yana komowa da su a bakin ruwa. Layin duka mil ɗaya ne da 'yan kai. Amma kada ku raina shi, domin cikin layukan dogo masu lantarki da ke aiki yau a duniya, babu wanda ya girme shi.

Asalin maganar daga 1841 ne, shekarar da dogo daga Landan ya iso garin. Da can sai masu hannu da shuni ke zuwa shan iskar teku a keken doki. Da jirgi ya zo, ma'aikaci ma ya iya zuwa da safe ya koma gida da dare. Wannan cincirindon ne wani injiniyan lantarki mai suna Magnus Volk ya hango. Haifaffen garin ne, mahaifinsa Bajamushe mai haɗa agogo. A watan Agustan 1883 ya buɗe layinsa, lokacin kwatan mil kacal, ya yi ta ƙara shi har ya kai Black Rock, wani wuri a gabashin bakin tekun garin, a 1901.

To, ku saurari wannan da kyau. Volk ya so ya kai Rottingdean, wani ƙauye a gabas da Brighton, tuddan gaɓar suka tare masa hanya, sai ya shimfiɗa wani dogon a cikin tekun kansa, ya buɗe shi a 1896! Ya ɗora taragon a kan ƙafafu huɗu masu tsayin fiye da mita 7, ruwa na gudu a ƙarƙashi. Doka ta tilasta masa ɗaukar kyaftin na jirgin ruwa, da ajiye kwale-kwalen ceto. Mako guda bai cika da buɗewa ba guguwa ta kayar da shi. Mutumin nan bai karaya ba, ya gyara ya ci gaba, sai a 1901 aikin kare gaɓa ya datse layin. In ruwa ya janye, har yanzu ana ganin tubalan kankaren da suka riƙe dogon.

Volk ya rasu a 1937, hukumar garin ta karɓi ƙaramin layin, yaƙin duniya na biyu ya sa aka rufe shi, aka sake buɗewa a 1948. Ni abin da ya fi burge ni shi ne mutanen garin ba su kai taragun nan gidan tarihi sun kulle ba. Duk lokacin zafi ana sayar da tikiti, yara da manya suna hawa, masu aikin sa kai kuma suna taya ma'aikata gyara.