Yini guda a Jos: kasuwar Katako, gaisuwar dangi da ledar jini

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Waɗanda suka saba bibiyar wannan tasha sun san daga Ingila nake yi muku magana, amma a wannan karon ga ni a gida Jos, a unguwarmu da ke kusa da titin Bauchi. Duk mai zama a ƙasar waje ya san cewa ayyukan da aka daɗe ana cewa "a bari sai ya zo" suna jiransa tun kafin ya kwance jaka, shi ya sa na ga ya dace in ɗauki yini guda cur in nuna muku yadda yake tafiya.

Wannan da kuke gani ɗakin Hajiya ne, waccan taswirar ruwan ƙasa da ke jikin silin kuma aikin damina ce. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwanta na Yuli da Agusta ba ya jin kira, wani lokaci har da ƙanƙara, don haka rufin da ya fara ɗiga a farkon damina ba ya kai ƙarshenta da mutunci. Daga can na sha turo kuɗi a liƙe ramukan da kwalta, a turo mini hoto ta WhatsApp in ga kwano ya yi tsaf, sai dai hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin kwano. Da kafinta ya hau da safen nan ya ɗaga falle ɗaya, sai ya kira ni in hau tsani in gani da idona. Ya danna babban yatsansa a jikin katakon, katako ya zube kamar garin kwaki. Ya ce, "Alhaji, kwanon nan da sauransa, katakon ne gara ta gama da shi. Ƙusa ba ta da abin kamawa, shi ya sa duk iskar da ta taso sai ta ɗaga shi ruwa ya bi."

Ga mu a kasuwar Katako. Na taho da kafintan ne da gangan, domin wanda aka ga alamar daga waje ya zo, farashinsa daban ne, kuma ido irin nawa ba ya bambance busasshen katako da ɗanye. Ku lura da yadda yake ɗaga kowane tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, ya ji nauyinsa, sannan ya kafa ido ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ɗanyen katako ya fi nauyi, idan aka buga shi a haka kuma sai ya lanƙwashe yayin da yake bushewa, ya ja kwanon ya buɗe. Mun haɗa da galan na baƙin mai da za a shafe katakon da shi saboda gara, da ƙusar kwano mai hula, da 'yan fallayen da za su maye gurbin waɗanda tsatsa ta huda. Ba mu sayi bandir guda ba, tunda falle 20 ne a ciki kuma aikinmu bai kai haka ba. An loda kayan a a-kori-kura, kafinta ya bi su gida, ni kuwa na tsayar da keke zuwa kasuwar kayan gwari ta Farin Gada da takardar cefanen Hajiya a aljihu.

Ba zan daɗe a nan ba. Dankalin Turawa, kabeji, karas da tumatir, ga su nan tuli, ga manyan motoci ana yi musu lodi zuwa kudu. Na sayi abin da aka aike ni, na ba wani yaron unguwarmu ya kai gida.

Daga nan sai Gangare, gidan Gwaggo, wadda maigidanta ya rasu ina can. Na yi mata ta'aziyya ta waya tun a lokacin, amma a wurinmu ta waya ba ta ɗauke wa mutum zuwa da ƙafarsa, kuma ina ganin daidai ne a bar abin a haka. Na kashe kyamara kafin in shiga zaure, domin akwai wuraren da ba a shiga da ita. Ina durƙushe ina cewa, "Gwaggo, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta," sai wayata ta yi ƙara. Yayata ce, muryarta a sama: ɗanta mai ciwon sikila yana asibiti tun daren jiya, jininsa ya yi ƙasa sosai, likita ya ce za a yi masa ƙari, kuma an ce a kawo mutum biyu.

Wannan magana ta "a kawo mutum" ita ce nake so mu tsaya a kanta. A yawancin asibitocinmu, jinin da ke ajiye kaɗan ne, don haka idan aka ɗauki leda aka sa wa majinyaci, sai an kawo ɗan'uwa ya bayar a mayar da gurbinta. Ba dole ne jinin da ka bayar ya zama shi za a sa wa naka ba, musamman idan rukuninku bai dace ba, kuma ko ya dace sai an gwada shi an tabbatar babu ƙanjamau, babu ciwon hanta nau'in B da C, babu tunjere. Gwajin nan yana cin lokaci, shi kuwa yaron da jininsa ya yi ƙasa, ko matar da ta haihu jini ya ɓalle mata, ba su da lokacin. A nan ne dangi suke shiga kiran waya a gigice, wasu har su faɗa hannun masu zama a bakin asibiti suna sayar da jininsu, mutanen da talauci kan sa su bayar fiye da ƙima su kuma ɓoye rashin lafiyarsu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita kowace shekara, saboda haka da wuya a sami zuri'ar da wannan kira bai taɓa zuwa mata ba.

Ma'aikaciyar ɗakin ɗibar jini ta ba ni izinin ɗaukar hannuna kawai, ban da fuskar kowa. Ta fara da tambayoyi: ko na ci abinci, ko ina shan wani magani, ko na yi zazzaɓi kwanan nan, da kuma yaushe rabona da bayarwa. Ta ɗora ni a sikeli, domin wanda bai kai kilo 50 ba ba a ɗibar nasa, ta auna bugun jinina, sannan ta soki ɗan yatsana ta duba ƙarfin jinin. Da na kwanta, ta ɗaure mini dantse, ta goge gwiwar hannu da sifirit, ta ce in riƙa damƙe hannu ina saki. Allurar ta fi ta zazzaɓi kauri, amma zafinta na shiga ne kawai. Ga ledar can ƙasa tana cika a hankali, jinin ya yi duhu fiye da yadda mutum yake zato, tana juya ta lokaci-lokaci don ya gauraya da maganin da ke hana shi daskarewa. Abin da ake ɗiba kusan mililita 450 ne daga cikin lita 5 ko makamancin haka da ke jikin babban mutum, kuma bai cika wuce minti 10 ba. Ina kwancen nan kafinta ya kira wai ƙusa ba za ta isa ba, na ce ya karɓa a wurin Hajiya, da hannu ɗaya nake magana.

Mutum na biyu ɗan Kawu ne, matashi ƙaƙƙarfa, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayata a hankali ko gaskiya ne jinin ba ya dawowa, ko kuma yana rage wa namiji ƙarfi. Ban yi masa dariya ba, domin manya da yawa ma haka suka yi imani. Ruwan jinin yana komawa cikin yini ɗaya ko biyu idan aka sha ruwa sosai, ƙwayoyinsa kuma cikin 'yan makonni, shi ya sa ake ba da tazara tsakanin bayarwa da bayarwa. Ya kwanta yana kallon bango, ya tashi yana tambayar ko an gama. Aka ba mu lemon malt, aka ce mu zauna tukuna, kada kuma mu ɗauki kaya mai nauyi yau.

A Ingila abin ba ya zuwa da firgici. Mutum yana zaɓar rana a manhajar waya, namiji bayan mako 12, mace bayan mako 16, ya je ya bayar ya sha shayi ya koma aikinsa ba tare da sanin wanda za a sa wa ba. Suna neman baƙaƙen fata ido rufe, saboda wani nau'in jini da suke kira Ro, wanda masu sikila da yawa suke buƙata, ya fi yawa a jikinmu. Wannan zuwa gida ma zai sa in jira wata 4 bayan na koma kafin su karɓi nawa, kamar duk wanda ya dawo daga ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro. Ba na cewa komai nasu ya fi namu. A can da wuya ka buga waya ɗaya mutane su cika farfajiyar asibiti kamar yadda danginmu suka cika ta yau. Amma mu ma muna da hukumar kula da jini ta ƙasa, wadda doka ta kafa a 2021, tana da cibiya a nan Jos, kuma mutum yana iya zuwa da ƙafarsa ya bayar ba tare da yana da majinyaci ba. Ledar da aka ajiye a firji tana kai kwana 35 ko fiye, an riga an gwada ta, sai dai a ɗauko.

Bayan magariba aka ɗaura wa yaron jinin, ya samu barci, yayata ta samu ta ci abinci. Ina zaune a benci na rubuta a zauren WhatsApp na zuri'armu cewa kowa ya faɗi rukunin jininsa mu ajiye. Amsoshin da suka fi yawa su ne "ban sani ba", Kawu kuwa murya ya turo yana cewa shi dai ya san nasa mai kyau ne. Mun tsayar da ranar Asabar, duk wanda ya kai shekara 18 kuma yake da lafiya mu haɗu a gidan Hajiya da ƙarfe tara, mu ɗunguma zuwa cibiyar. Ni rakiya kawai zan yi, in sun amince kuma zan tafi da kyamara. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, wassalamu alaikum.