Dinarin Hoto: Jabun Kuɗin Dā a Gwanjon Intanet

Lacca ce da aka gabatar a Damagaram gaban ɗalibai da ƴan kasuwa da maƙeran fari, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maƙera da ke zaune nan gaba, malamai, ƴan kasuwa, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Maganarmu ta yau kan wata ƙofar asara ce da ta buɗe mana ta cikin waya. Yaro yana zaune a Birni ko Zango, ya shiga eBay, wato kasuwar gwanjo ta intanet, ko wani zauren Facebook, ya ga hoton dinari mai rubutun Larabci an ce na Banu Umayya ne, ko azurfa mai kan wani sarkin Rum. Ana gwanjo, saura awa biyu a rufe. Ya taya, wani ya ƙara, shi ma ya ƙara, har ta faɗo masa. Ya roƙi ɗan'uwansa da ke waje ya biya ya karɓar masa. Ran da kaya ya iso ya kai wa maƙeri, maƙeri ya juya abin a tafin hannu sau biyu ya ce, "Ɗana, wannan ai zubi ne." Jika ɗari ta tafi, wanda ya sayar kuwa ko sunansa na gaskiya ba a sani ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin ɗakunan iyayenmu mata, wato liyari. Duk wanda ya taɓa riƙe shi ya ga kan mace a fuska ɗaya, mikiya mai kai biyu a ɗaya fuskar, da shekarar 1780. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, kuma a wannan shekarar ta rasu. Fatake daga Yaman da Habasha har zuwa Borno da ƙasar Hausa sun riga sun saba da kuɗin, ba sa karɓar wanda ya bambanta da shi, sai aka ci gaba da buga shi da 1780 ɗin nan ba a canza ba. An buga a Biyana, babban birnin Ostiriya, daga baya aka buga a Roma da Landan da Paris da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau gidan buga kuɗi na Biyana yana fitar da shi. To, liyarin kakarka azurfa ne na gaske, giram 28, kashi 833 cikin 1000 tsantsar azurfa. Amma shekarar da ke jikinsa ba ta gaya maka shekarunsa. Wanda ya sa shi a gwanjo ya rubuta cewa ya haura shekara 240 kuma samunsa wuya, ko bai sani ba ne, ko yana fatan kai ba ka sani ba.

Garin nan ba baƙo ba ne ga azurfa. Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, a nan Damagaram ya karɓi dala dubu ta azurfa a watan Janairun 1853, an ɓoye masa su cikin akwatin sukari biyu don kada a farga. Lokacin da ya sauka Kano a 1851, dala guda wuri 2,500 ce. Mai ba da wuri 2,500 ba ya karɓar azurfa ido rufe. Zai auna ta a hannu, ya ƙyasta ta ya ji ƙara, ya duba gefenta, in ya yi shakka ya kira dillalin da kowa ya san ƙofar gidansa. Gwanjon intanet ya ƙwace maka duk waɗannan. Abin da ya bar maka hoto ne da labari. Hoto ba shi da nauyi, ba ya ƙara, labari kuma kowa yana iya tsarawa.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne gindin maganar. Kuɗin dā irin su dinari da dirhami da azurfar Rum bugu ne. Ana sassaƙa hatimi biyu na ƙarfe, ɗaya a kafe kan uwar maƙera, a ɗora gutsuren azurfa ko zinariya da aka riga aka auna, a aza ɗaya hatimin a kai, a sauke guduma. Ƙarfen yana gudu ƙarƙashin bugun, shi ya sa rubutu yake fitowa da kaifi, gefe yakan ɗan tsage, hoton yakan karkace gefe guda. Tunda hannu ne, ba a samun biyu da suka zo daidai ta kowace fuska. Ko da hatimi ɗaya ya buga su, siffar gutsuren da inda bugun ya faɗa za su bambanta.

Mai jabu na ƙasa-ƙasa ba ya wannan wahala. Yana samun ƙwaya ɗaya ta gaske, ya danna ta cikin yumɓu ko ya ɗauki siffarta da kaki, ya narka ƙarfe ya zuba. Iyayena maƙera sun fi ni sanin abin da zubi ke bari. Akwai ɗan layi da ke zagaye gefe, inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. In an goge shi, za ka ga sawun magagari. Fuskar tana da ƙananan ramuka na kumfa da ƴan ƙuraje, haruffa kuma sun yi laushi, bakinsu ya dakushe. Nauyi yakan gaza, don ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Sannan babbar shaida, wadda ko daga nan Damagaram kana iya kamawa da wayarka: tagwaye. Ka buɗe abin da mai sayarwar ya sayar a baya. In ka ga wata ƙwaya da tsaga a daidai inda taka take da tsaga, karkata iri ɗaya, tabo iri ɗaya, to daga mazubi ɗaya suka fito. Masu tara kuɗin dā suna ajiye hotunan jabun da aka kama a intanet, kyauta, kowa yana iya gwada nasa hoton da su.

Akwai kuma gwanaye, ba zan ɓoye muku ba. A Jamus an yi wani Becker, ya rasu a 1830, wanda yake sassaƙa hatiminsa da hannu ya buga kamar yadda mutanen dā suka yi. In ya gama sai ya zuba kuɗin cikin akwati da garin ƙarfe, ya ɗaure a ƙarƙashin keken dokinsa ya yi tafiya, girgizar hanya ta cinye musu kaifi su tsufa. A zamaninmu an san masu irin wannan aiki a Bulgeriya, har sun taɓa ruɗa manyan dillalan Turai. Tsatsar kore da kuke gani a hoto kuna cewa alamar tsufa ce, ana yinta da sinadari ko fenti, wani har yashi yake mannawa da danƙo ya ce daga hamada aka tono. Idan masu shekara talatin cikin sana'ar suna faɗawa, yaron da ya fara jiya fa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cinikin da ake yi da son addininmu. Ana tallar wai dinarin zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da kalmar shahada a jikinsa. Ɗalibai, ku riƙe wannan: a zamanin Manzon Allah, dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake kashewa a Makka da Madina. Dinarin da ba shi da hoto, rubutun Larabci zalla, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fara buga shi a shekara ta 77 bayan hijira, nauyinsa giram 4.25, wato miskali guda. Duk wanda ya nuna maka irinsa ya jingina shi ga zamanin Annabi, magana ta ƙare, ka rufe wayarka. Kuma lissafin ba shi da wuya. Ka tambayi kuɗin giram ɗaya na zinariya yau, ka ninka sau huɗu. In farashin dinarin bai kai haka ba, wane ne zai sayar maka da zinariya ƙasa da kuɗinta, ya ƙara maka da tarihin shekara 1,300 kyauta? Araha ba ta ado. Wani dinarin Banu Umayya da ba a cika samu ba, mai ambaton ma'adinin Hijaz, fam miliyan 3.7 aka saye shi a Landan a 2011. Irin waɗannan ba sa yawo a zauren Facebook.

Shi kansa gwanjon akwai abin dubawa. Wanda kake ganin yana ƙara maka farashi, ba lallai mai saye ba ne. Mai kaya yana iya buɗe suna biyu ko uku ya zama ɗan koren kansa, yana tayawa don zuciyarka ta hau. Malamai da ke nan sun san sunan wannan a fiƙihu, najashu, kuma hadisi ingantacce ya hana shi. Agogon da ke ƙirga saura minti kaza, aikinsa ya hana ka zuwa ka yi shawara.

Takardar shaida ma kada ta ruɗe ku, kowa mai injin buga takarda yana iya yinta. A 2020 an yi gwanjon wata zinariya ta Rum a Landan, wadda Burutus ya buga don tunawa da kashe Yuliyas Kaisar, shugaban Rum, ta haura dala miliyan 4 na Amurka. Ita zinariyar ta gaske ce, amma takardun asalinta ƙarya aka shirya. Dillalin ya amsa laifinsa a kotun Niyok ta Amurka, a 2023 aka mayar da ita ƙasar Girka. Wanda ya ba da miliyoyi bai tsira da takarda ba.

To mai son wannan harka ya daina ke nan? A'a. Tarihi ne, kuma riƙe dirhamin da ya ratsa hannun mutane shekara dubu abu ne mai daɗi. Amma ka nemi dillalin da ke da suna da adireshi, wanda ya rubuta cewa duk ran da aka gano jabu ne zai mayar maka da kuɗinka, ba tare da wa'adi ba. Ka ce a ba ka nauyi da faɗi, da hoton gefe, ba fuska biyu kawai ba. Wanda ya rubuta "ban san komai kan kuɗin dā ba, a kayan kakana na tsinta, ba a mayarwa", ya riga ya wanke hannunsa tun kafin ka biya. Kuma ka fara da ƙarami, wanda in ya zama jabu ba zai taɓa abincin gidanka ba.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, Allah ya mayar masa da alheri, amma ina roƙonsa kada ya ɗauki abin ya kai wa wani ɗan'uwa don ya fanshe asararsa. Manzon Allah ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ya ajiye shi, ya nuna wa na baya su koyi yadda zubi yake.

Baba da ke can gefe ya tambaya ko a goga ƙwayar kuɗin a dutse ko a ɗan yanka da magagari, kamar yadda ake gwada awarwaro. Baba, don Allah kada a yi. In ta gaske ce, yanka ɗaya ya zubar da darajarta, haka ma wanke ta da toka ko lemun tsami. A fara da maganaɗisu, in ya kama ta, ba azurfa ba ce ba zinariya ba. Sannan a auna ta a sikelin giram, a rubuta. A ɗora kofin ruwa a sikelin a mayar da shi sifiri, a ɗaure ta da zare a nutsa cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindin kofin ba, a rubuta abin da sikeli ya nuna. A raba na farko da na biyu. Zinariya tsantsa tana ba da 19 da ɗoriya, azurfa wajen 10 da rabi, tagulla ba ta kai 9 ba. Sai dai a kula, mai wayo yana gauraya dalma ya kusanto nauyin azurfa, don haka bayan awon sai an koma ga gefen da haruffan, da idonku, a cikin hasken rana.