Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi Yayin Ziyararsa a Tsangayar Likitancin Dabbobi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, mai girma Shugaban Jami'a da mataimakansa, shehunan malamai da sauran malaman wannan tsangaya, ma'aikata da ɗalibai da dukkan mahalarta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan tsangaya ina yi maka barka da zuwa, da kai da 'yan rakiyarka, tare da fatan kun iso lafiya. Mun san ayyukan da ke gabanka suna da yawa, kuma kowace tsangaya a jami'a tana da kukan da take so ta kai gare ka, don haka keɓe mana wannan yini da ka yi domin ka ga masu binciken tsufa cikin ƙoshin lafiya a dabbobi da mutane, karamci ne da muke godiya a kansa ƙwarai.

Mai yiwuwa wani ya tambaya, me ya haɗa likitan dabbobi da tsufan ɗan Adam? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a shekarar 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, sannan biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a lokacin za su kasance a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Wannan ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin tsufa cikin ƙoshin lafiya. Tsawon kwana na Allah ne, ba shi muke nema mu ƙara ba. Abin da muke bibiya shi ne shekarun da mutum ko dabba ke yi yana tashi da ƙafarsa, yana gane iyalinsa, yana cin abinci da kansa, kafin ciwo ya kwantar da shi. Matsalar mai binciken mutane ita ce, idan ya ce zai bi mutum tun daga haihuwa har tsufa, shi kansa zai riga wanda yake bincike a kansa tsufa. A nan ne likitan dabbobi yake da abin da waninsa ba shi da shi.

Mu ɗauki kare. Yana kwana a gidan da mai shi ke kwana, yana shaƙar iskar da yake shaƙa, yana shan ruwan da yake sha, kuma idan ya manyanta cututtukan da ke kama mai shi su ne ke kama shi: amosanin gaɓɓai, ciwon zuciya, sankara, yanar ido, har da wata ruɗewar ƙwaƙwalwa mai kama da cutar mantuwa, inda ake samun irin daskararren sinadarin da ake gani a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. Amma duk wannan tafiyar yana kammala ta cikin shekara goma zuwa goma sha biyar. Akwai kuma abin mamaki da har yanzu ake neman cikakken bayaninsa, wato a tsakanin jinsunan dabbobi mai girman jiki ya fi daɗewa, giwa ta fi ɓera nesa ba kusa ba, amma a tsakanin karnuka ƙanana ne ke daɗewa, manya su tsufa da wuri. Tsohuwar kyanwa kan yi fama da ciwon ƙoda, tsohon doki kuma da rikicewar sinadaran jiki da ciwon kofato. Kowannensu darasi ne da likitan dabbobi ke gani a asibitinsa kullum.

Wannan haɗin kan ba sabo ba ne. Tun da Claude Bourgelat ya kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1761, fannin ya taso ne kafaɗa da kafaɗa da likitancin mutane, kuma a ƙarni na 19 Bajamushen likitan nan Rudolf Virchow ya tsaya a kan cewa babu katanga tsakanin su biyun. Peter Doherty na Ostareliya, wanda ya samu kyautar Nobel a 1996 a kan yadda garkuwar jiki ke gane ƙwayoyin halittar da cuta ta shiga, likitan dabbobi ne, kuma ina yawan ambatar sunansa ga ɗalibanmu domin su san inda takardar shaidarsu za ta iya kai su.

A fagen tsufa kuwa, da yawa daga cikin abin da aka sani mai ƙwari daga dabbobi ya faro. A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci ba tare da an hana su sinadaran gina jiki ba sun fi 'yan uwansu daɗewa. A 2009 aka wallafa cewa maganin rapamycin ya tsawaita rayuwar ɓeraye duk da cewa sai da suka manyanta aka fara ba su, kuma yau ana gwada shi a kan karnukan gida a wani babban shirin binciken tsufan karnuka a Amurka, wanda ya tara dubban karnuka, kuma likitar dabbobi Kate Creevy ta Jami'ar Texas A&M tana cikin waɗanda suka assasa shi. Ya kamata in faɗi a nan cewa maganin yana taɓa garkuwar jiki, ba abin da za a saya a sha da ka ba ne, kuma wannan taka-tsantsan ɗin wani ɓangare ne na tarbiyyar da muke ba ɗalibanmu. A 2015 an gano cewa giwa tana ɗauke da kwafi kusan 20 na ƙwayar gadon TP53 mai daƙile sankara, alhali mutum ɗaya gare shi. Wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa marar gashi da ke gabashin Afirka yana haura shekara 30, yayin da ɓeran ɗakin gwaji da ƙyar yake wuce uku.

Amma binciken da nake so ka riƙe a zuciyarka, ranka ya daɗe, shi ne wanda aka wallafa a 2002 a kan karnuka 48 'yan jinsin Labrado. An raba su gida biyu, aka riƙa ba rabi abincin da ya gaza na sauran da kashi 25 cikin 100 tun suna 'yan kwikwiyo. Waɗanda aka rage wa sun kai matsakaicin shekara 13, sauran kuma 11.2, sannan amosanin gaɓɓai ya yi jinkirin kama na farkon. Sakamakon ana iya faɗinsa cikin numfashi ɗaya, amma sai da aka shafe kimanin shekara 14 ana awo, ana ɗaukar hoton gaɓɓai, ana rubutawa, kafin a kai gare shi. Wannan shi ne ginshiƙin kukan da muke kawo maka yau. Binciken tsufa ba ya sauri fiye da tsufan kansa, alhali ma'aunin da ake auna malamin jami'a da shi gajere ne.

Ka dubi hanyar matashin da ya zaɓi wannan aiki. Zai yi shekara biyar ko shida kafin ya zama likitan dabbobi, ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a asibiti, ya sake yin uku ko huɗu a digirin digirgir, sau da yawa kuma sai ya zauna ƙarƙashin wani shehun malami yana goge hannu kafin a ba shi gurbin koyarwa. Ranar da ya samu gurbin, sai a ɗora masa ajujuwa da duba marasa lafiya a asibitin koyarwa da ayyukan kwamitoci, a kuma gaya masa cewa ƙarin girmansa ya rataya a kan yawan maƙalun da ya wallafa. Tallafin binciken da zai nema galibi na shekara biyu ne zuwa biyar, wato zai ƙare tun karnukan da yake bi ba su fara furfura ba. Abokan karatunsa da suka buɗe asibitin kansu ko suka shiga kamfanoni sun daɗe da yi masa nisa ta fuskar samu. Ina da ɗaliba da na koyar, haziƙa ce matuƙa, wadda ta fara bin lafiyar ƙodar tsofaffin kyanwoyi, sai kuɗin aikin ya yanke a tsakiya, samfuran jinin da ta tara suka lalace saboda babu halin ci gaba da adana su, ita kuma ta bar jami'a. Ban ga laifinta ba, amma har yau ina jin zafin rashinta, domin irinta ba a samun su kowace shekara.

Saboda haka roƙonmu na farko, kuma mafi girma, shi ne a samar da tallafin bincike mai dogon zango, wanda za a riƙa sabuntawa bisa ingancin bayanan da aka tara ko da ba a kai ga sakamakon ƙarshe ba. Idan aka yi haka, matashin malami zai iya fara aikin da ya san sai bayan shekara goma zai ga ƙarshensa ba tare da fargabar cewa ya jefa makomarsa cikin hatsari ba. Tare da wannan muna roƙon a keɓe wa sababbin malamai masu bincike wani kaso na lokacinsu wanda koyarwa da asibiti ba za su cinye ba, a kuma gyara ƙa'idojin ƙarin girma yadda kafa rumbun bayanai da ma'ajiyar samfura da horar da ɗalibai za su shiga lissafi. Muna kuma fatan ofishinka zai sauƙaƙa naɗin haɗin gwiwa tsakaninmu da tsangayar likitancin mutane, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tsarin da ake da shi yakan sa malamin da ya yi aiki a tsangayoyi biyu ya rasa wadda za ta yaba masa.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin riƙe amanar dabbobin da ke hannunmu. Muna bin ƙa'idoji ukun da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959, wato a nemi madadin dabba inda zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Dabbar gida da mai ita ya kawo mana marar lafiya ce da ke neman waraka, kuma ba ma shigar da ita bincike sai da yardarsa.

Ranka ya daɗe, gani ya kori ji, don haka bayan wannan zama za mu zagaya da kai asibitin koyarwa da ɗakunan gwaje-gwaje, kuma na roƙi ƙananan malamai da ɗaliban digirin digirgir su yi maka bayanin ayyukansu da bakinsu, tunda su ne wannan magana ta fi shafa. Ina roƙonka ka tambaye su duk abin da ka ga dama. Muna sake yi maka maraba, Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon wannan amana, ya mayar da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.