Tallafin ambaliya: in ya wuce lokacin noman rani, me zai yi wa manomi?

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum. Yau maganar tallafin manoman da ambaliya ta yi wa ɓarna za mu yi, kuma gaskiya raina a ɓace yake.

A 2020 ruwa ya shafe gonakin shinkafa kusan hekta 450,000 a jihar Kebbi, tun daga fadamun Argungu da Augie har Bagudo da Yauri, shinkafa ta fara fidda kai ruwa ya zo ya kwanta a kanta, kuma da yawan manoman nan bashin Anchor Borrowers ne a wuyansu, shirin nan na bai wa manoma rancen noma da Buhari ya ƙaddamar nan Birnin Kebbi a 2015. A 2024 ma ruwan bai ƙyale mu ba. To wannan abu ba baƙo ba ne, mun san watan da yake zuwa, Agusta da Satumba.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne lokaci. Manomin fadama in damina ta cinye shi, abin da ya rage masa guda ɗaya ne, noman rani. Da ruwa ya janye yake buƙatar iri, da taki, da fetur na injin ban ruwa, fetur ɗin da tun da aka cire tallafinsa a 2023 ya fi ƙarfin talaka. In waɗannan suka iso hannunsa kafin sanyi ya shiga, zai zuba iri ya yi dashe ya tsaya da ƙafarsa. In kuwa sai zafi ya kama, makwabtansa na shirin yankan shinkafa, sannan aka kira shi sakatariya a miƙa masa buhu biyu a ɗauki hoto, don Allah me aka yi masa? Ya riga ya sayar da akuyar matarsa, ya riga ya ci bashin ɗan kasuwar da zai karɓi shinkafarsa a wulaƙance ranar girbi.

Jami'an gwamnati za su ce maka ai sai an tantance, kar kuɗi su shiga aljihun da bai dace ba. Haba! Hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar kula da ruwan koguna NIHSA tun farkon shekara suke fitar da hasashe, har da sunayen ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. Mai unguwa ya san gonar kowa, hakimi ya sani, 'yan ƙungiyar manoman shinkafa RIFAN sun sani. Me ya hana a rubuta sunaye tun kafin shuka? Kuma duk tantancewar nan, ba ta hana sunan ɗan birnin da bai taɓa riƙe fartanya ba shiga takarda, shi kuma wanda ya hayi gona ya zuba gumi a bar shi a waje, wai ba shi ne mai filin ba.

Ban ce katifa da bargo da masarar da hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha, ke rabawa ba su da amfani, wanda ɗakinsa ya rushe yana buƙatarsu. Amma bargo ba ya tsira a gona.

Ranka ya daɗe gwamnan Kebbi, Kauran Gwandu, a ware kuɗin nan tun cikin kasafi, a sayi iri da taki a ajiye tun Yuli, a sa wa rabo rana cikin Nuwamba, a kuma liƙa sunayen waɗanda za su samu a ƙofar gidan hakimi kowa ya karanta.