Kafin a raba yaro da uwarsa, me aka gwada ya yi aiki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar yaran da ake fitarwa daga gidan iyayensu zamu yi.

Kowa a karkara ya san yadda abin yake farawa. Rumbu ya kare tun damina bata yi nisa ba, ko mai gida ya rasu, ko aure ya mutu, sai kaji ance a kai wance Kano aikatau, wane a kai shi wajen kawunsa, karamin kuma a hada shi da malam su tafi. Ba wai ina kushe riko bane, da yawanmu goggo ce ko kaka ta rike mu kuma Allah ya saka musu da alheri. Amma ku je ku tambayi uwar da aka dauke ma da dan shekara biyar yadda take kwana, mafi yawansu ba son ransu bane wallahi, babu ce ta yi musu yawa.

A Amurka hukuma ce take dauke yaro idan taga ana cutar dashi ko an yi sakaci da kula dashi, ta kai shi gidan wasu mutane ta rika biyansu kudin riko. Da tafiya ta yi tafiya sai suka lura sakacin nan sau da yawa talauci ne da gajiya da rashin mai taimako. Shi yasa a 2018 suka yi dokar Family First, wadda ta bada dama a kashe kudin gwamnati akan iyayen tun kafin a kai ga dauke yaron. Amma da sharadi, sai shirin da aka gwada aka ga amfaninsa a zahiri.

Yaya ake gwadawar? Kamar gona ce. Ka raba ta biyu, iri daya, ruwa daya, rabi ka zuba taki rabi ka bari, da kaka sai ka kirga dami. Haka ake yi da gidaje, a jefa kuri'a wasu su shiga shirin wasu basu shiga ba, a bi su shekara da shekaru a ga bambanci.

Wani masani David Olds ya fara irin wannan a 1977 a garin Elmira na jihar New York. Abinda ya yi ba wani abin mamaki bane, nas ce zata rika zuwa gidan mace mai cikin fari, mai karamin karfi, tun tana da ciki har yaron ya shekara biyu. Ta zauna da ita, ta duba lafiyarta, ta nuna mata yadda zata yi idan jariri ya ki yin shiru cikin dare kuma ranta ya baci, su yi maganar miji da maganar sana'a. Bayan shekara 15 da aka koma, gidajen da nas ta rika zuwa cin zarafin yara da sakaci ya ragu kusan da rabi. Ni abinda ya tsaya min a rai shine wannan aikin ai mun san shi, shine abinda uwa da ungozoma suke yi lokacin wankan jego, sai dai mu kwana arba'in muke yi a watse, su kuma suka ja shi shekara biyu.

Akwai kuma wani shiri mai suna Homebuilders da aka fara a Amurka a 1974, shi na gidan da ya riga ya kama da wuta ne, ana gab da dauke yaro. Ma'aikaci daya gida biyu kacal yake rikewa, wata daya zuwa sati shida, kuma ko tsakar dare aka kira shi zai amsa.

To kar kuce wannan duk na Turawa ne. Anan Jigawa an yi. Tsakanin 2013 da 2019 kungiyoyin agaji na Save the Children da Action Against Hunger sun yi shirin tallafin yara a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da Anka da Tsafe a Zamfara, da kudin gwamnatin Ingila. Mace da zarar ta samu ciki sai a fara bata naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, a hannunta ita kanta ba hannun miji ba, har yaron ya kai shekara biyu, ga kuma wayar da kai akan shayarwa da abincin yaro. Shima da kuri'a aka raba kauyukan. Tsumburewar yara ta ragu, mata da yawa suka sayi akuya suka ja jari. Gaskiya ba dan hana riko aka yi shi ba, amma ku duba da kanku, uwar da take da yar sana'a da awaki uku a turke, da wuya ta yarda a dauki yarta a kai ta wanke-wanke gidan da bata sani ba.

Sai na karshe, wanda baya cin ko kwabo. A New Zealand tun 1989 doka ce kafin kotu ta yanke hukunci akan yaro sai an tara danginsa, daga al'adar mutanen Maori, yan asalin kasar, aka dauko, jami'ai su fadi matsalar su fita waje su bar dangi su kadai su fito da mafita. Mu ma muna taruwa, amma sai ranar sadakar uku ko rabon gado, kuma zancen baya wuce wa zai dauki wane. Ba a cika cewa wa zai kawo dami biyar duk shekara dan yaran su zauna gaban uwarsu ba.

Dan haka mai unguwa, liman, baffa, in aka kira ku irin wannan zaman dan Allah ku fara tambayar uwar me take so, sannan a yi lissafin abinda zai ishe ta zuwa kaka, hatsi nawa, kudin magani nawa, wa zai noma mata gonar marayun, wa zai rika lekowa duk Juma'a. A rubuta a takarda, liman ya ajiye, bayan wata uku a sake zama a duba wa ya cika wa bai cika ba.