Fili Da Rani, Tafki Da Damina: Laccar Da Aka Gabatar Kan Cinikin Gidaje A Kano

Assalamu alaikum. Iyayena da ƴan uwana, na gode da wannan gayyata. Dillalan da ke zaune a sahun gaba ku yi haƙuri, yau zan ɗan taɓa ku.

Kowa ya san yadda kasuwar take. A 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, rodi da kwano suka bi sahu, masu gida kuma suka huce a kan ƴan haya. Shi ya sa duk wanda ya tara ɗan abin hannu yake rugawa bayan gari ya sayi awon igiya, ko hamsin da hamsin ne, don ya huta da sallamar mai gida. Ana tambayar kusancin titi, ana tambayar wuta, ana tambayar takarda. Ruwa fa? Ba mai tambayar inda yake bi.

Galibi kuma da rani ake cinikin. Wani ƙanena ya sayi fuloti a watan Maris, ƙasa a bushe ƙarau, har yana murna ya yi tsintuwa. Watan Agusta na raka shi, sai da muka naɗe wando zuwa gwiwa, kwaɗi na ta kuka inda ya ce nan ne ɗakin amarya. Wani dattijo da ke kiwo a gefe ya ce mana, "Ai nan fadama ce, shinkafa muke nomawa." Dillalin ya sani sarai, amma la'adarsa ta riga ta shiga aljihu.

Ku dubi cikin birni. Kududdufan nan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan sama. Yanzu an cike da yawansu da shara, an yanka, an dasa shaguna. Ruwan da ya saba kwana a can dole ya nemi masauki, sai ya shiga ɗakin maƙwabci. Ga ledar ruwa ta toshe kwatoci har zuwa rafin Jakara. Ga shi kuma yanzu ruwan kan sauko kamar da bakin ƙwarya cikin sa'o'i kaɗan, ginin ƙasa ya jiƙe daga tushe ya zauna.

Maiduguri ta ishe mu misali. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday, har fadar Shehu bai bari ba.

Don haka, Alhaji, kafin ka biya, ka jira Agusta. Ka je washegarin ruwa mai ƙarfi, ka duba bangon maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari, ka ga tsayin dokin ƙofarsu. In kowa ya ɗaga nasa da bulo uku, ka san dalili. Ka gaida mai unguwa, sannan ka leƙa KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka ji ko wurin hanyar ruwa ne.

Na ga ana ɗaga hannu a baya. Malam, bismillah.