Tsoho ba ya barci da dare? A duba ƙarfe nawa yake ganin haske

[Ɗakin ƙasa, taga a rufe, tsohuwa kwance da hantsi]

Tun da wani bidiyo mai cewa hasken fitila na gyara barci ya zaga WhatsApp, wasu a Katsina suka fara haska wa iyayensu tocila cikin dare wai magani. Don Allah a daina. Ƙara kore barcin ake yi.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogon jiki, hasken da ya shiga ido ne ke saita shi. Duhu ya yi, jiki ya saki sinadarin melatonin, barci ya zo. Mai gigin tsufa, wato ciwon mantuwa, agogonsa ya raunana, idonsa kuma ba ya shigar da haske kamar na yaro, balle in akwai yanar ido. Ga shi mun ajiye shi a ɗaki yini guda don tausayi.

[Na'urar auna haske: ɗaki, sannan tsakar gida]

Kalli lambar. Ɗaki mai ƙwan lantarki da wuya ya wuce lux 300, lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske. Fitilar da likitoci ke amfani da ita 10,000 take bayarwa, ana zama gabanta minti 30. Tsakar gida da safe tana kai wannan, kyauta, ko da wuta ko babu.

To, inda ake kuskure: lokaci.

Hasken safe yana jawo barci ya zo da wuri. Hasken dare yana tura shi gaba. Saboda haka Baba mai yawo har ƙarfe 2 na dare, ya yini yana gyangyaɗi, safiya ce tasa. A fito da shi tsakanin 7 da 9, minti 30 zuwa awa ɗaya, kullum lokaci guda. Ya sha kokonsa a nan. Ido a buɗe, babu baƙin tabarau, kuma kada ya kalli ƙwayar rana. Inuwar darbejiya ma ta wadatar, ba gasa shi aka ce a yi ba.

Amma Inna da ke ɓingirewa tun magariba ta farka ƙarfe 3, agogonta ya riga ya yi gaba. Ka ƙara mata hasken sassafe, ka ƙara dagula shi. Ita hasken la'asar zuwa bayan magariba ya fi dacewa da ita. Shi ya sa nake ganin a fara rubuta lokacin kwanciya da tashi na mako guda kafin a taɓa komai.

[Hazo, tsoho cikin bargo]

Da hunturu a rufa masa, a fito dai. A gajarta barcin rana. Da dare a bar 'yar fitila mara ƙarfi a hanyar banɗaki saboda faɗuwa.

A ba wannan tsari mako 2 zuwa 4. Bincike ya nuna wasu na samun sauƙi, wasu ba sosai ba, kuma mantuwar ba ta warkewa da wannan. Mai ciwon suga da ya taɓa ido, ko mai taɓin hankalin da ke sa zumuɗi, ya ga likita kafin a kunna masa fitila mai ƙarfi. In ciwon kai ko fitina ta ƙaru, a rage zuwa minti 15.